Dogon Benci da Takalmin Hagu

Takalmi guda, na ƙafar hagu, kuma ba na Habtom ba. Basilla, reza da zare mai kaki a aljihun riga. Burodi shida suna ta mirginawa a gaban mota, don ledarsu tana ƙafarsa, ɗaure a kan safa. Sai ludayin miya da Verna Hildebrand ta fito da shi daga kicin ba ta sani ba, har yanzu yana hannunta tare da sitiyari. Iyakar abin da suka ɗauko ke nan.

A-kori-kurar tana ta zabga gudu a hanyar tsakuwa, ruwan ƙanƙarar da ta narke yana fallatsa hagu da dama. Habtom na tsakiya, ya rungume takalmin a ƙirji. A damansa Joelle ce, 'yar ƙanen Verna, mai zanen gini, ta riƙe marfin ƙofa da hannu biyu.

"Gwaggo, kashe mu za ki yi!"

"Shekara ashirin da shida ina tuƙa motar 'yan makaranta a hanyar nan, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ƙarfe nawa?"

"Uku saura ashirin."

"Uku daidai tsohon nan yake shiga wurin shanu, ko ana ruwan wuta. Ku riƙe da kyau."

Habtom ya ƙara matse takalmin. Ya san yadda garken shanu yake a watan Maris, ruwa da fitsari da kashi har idon sawu. Ya kuma san ɗinkin da ya yi da hannunsa. Zai jure tafiya komai nisanta. Tsayuwa cikin ruwa ce ba zai jure ba.

In akwai laifi, na bencin ne.

Shekara biyu da suka wuce garin Lindbach ya rushe tsohon zauren taronsa ya gina sabo. Iyaka tana kusa, mutane na tsallakowa ta gonaki suna neman mafaka, ba wurin kwana. Joelle ce ta zana ginin. Ɗakuna takwas a sama na baƙi, a ƙasa kuma zauren cin abinci da kicin da ɗakin karatu na kowa da kowa. Ƙofa ɗaya tak. Kana shiga sai benci guda na katako, tsawonsa taku goma sha biyar, da bututun ruwan zafi a ƙarƙashinsa. Daɓen ciki katako ne, ba a hawansa da takalmi. Majalisar gari ta so a jera akwatuna masu lamba da makulli, Joelle ta ƙi. Ta ce ba mai iya cire takalmin sanyi a tsaye, dole ya zauna. In ya zauna, kusa da wani zai zauna. In bencin da ɗumi, ba zai yi saurin tashi ba. Takalma kuwa a bar su su cakuɗe.

Suka kuwa cakuɗe. Kanti ɗaya ne a garin, kuma takalmi iri ɗaya yake kawowa, baƙi, mai dogon wuya, ba igiya. Shi manoma ke saye, shi kuma ake saya wa baƙi.

Wata biyar Habtom ya yi a ɗaki na shida. A Keren, garinsu a can ƙasarsu, shumeka ne, shekara goma sha tara yana zaune bakin kasuwa da guduma. A nan ba shi da rumfa, sai ya mai da bencin wurin zamansa, yana kallon ƙafafun mutane. Ya san wanda ke jan ƙafa, ya san wadda ke taka gefe. Amma nasa takalman ba ya barin su a layi. In ya cire sai ya ɗauke su a hannu ya hau da su sama. Tsofaffin gari suna tsokanarsa wai tagwaye ya haifa. Yakan yi murmushi ya wuce.

Yau Juma'a, ranar miyar kabeji, zaure cike. Ya cire takalma ke nan Verna ta leƙo daga kicin tana ihu a zo a kama mata tukunya kafin ta zube. Tukunyar sai da hannu biyu. Ya ajiye tagwayen a bakin benci, ya kai tukunya kan tebur, ya dawo. Ko minti uku bai yi ba. Ya ɗaga na dama, nasa ne. Ya ɗaga na hagu, nauyin ya gaya masa tun kafin ya duba.

Ba wanda ya taɓa jin muryar Habtom da ƙarfi sai ranar. Mutane suka fito da cokula a hannu, 'yan gari da 'yan sama, duk da safa. Aka cika bencin.

"To ka sa wannan ɗin mana," in ji wani dattijo, Kawu Abram. "Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Akwai abu a cikin nawa."

"To na waye wannan?"

Habtom ya juya takalmin, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya sunsuna.

"Namiji ne. Tsoho. Ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama, da kamar kaurin yatsa. Ku duba, gaban ya cinye, diddigen kamar sabo. Da yatsu yake takawa."

"Masu ɗingishi huɗu ne a garin nan!" wata ta ce daga ƙarshen benci.

"Biyar, in an sa mijinki."

Aka kwashe da dariya. Habtom ya ƙanƙaro wani abu da farce.

"Shanu yake kiwo, ba aladu ba. Ga maganin kofato, mai shuɗi. Kuma shi ya yi wannan facin da kansa, da gam ɗin taya. Mugun aiki."

"Mai rowa ke nan. Saura uku."

Nan fa aka shiga lissafin dangi, wane ɗan wane, wanda ya auri ƙanwar wane, wanda ya sayar da shanunsa bara. Kowa na magana ba mai saurare. Sai Guerline, 'yar Haiti da ke ɗaki na biyu, ta ɗaga hannu ta ce ita fa ta san wani gajeren tsoho mai jar hula. Duk Juma'a yana shigowa bayan kowa ya zauna, ya sha kwano biyu a bayan ƙofar kicin, ya fita kafin kowa ya tashi. Ita ke zuba masa.

Verna ta juyo.

"Korni Unrau?" in ji Verna. "Korni da ya tashi a taron majalisa ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ginin nan ba?"

"Ban san sunansa ba. Yana dai son barkono."

Ihu ya tashi. Wani ya zazzage burodi a gaban motar Verna ya ɗaura wa Habtom ledar a ƙafa, don ya ƙi sa takalmin wani. Wata ta buga wa Korni waya, aka ce ai ba ya ɗauka sai Lahadi. Kafin a gama gardama Verna ta tayar da mota.

Yanzu ga su sun wuce cocin ƙarshe, gonaki fari da baƙi ta kowane gefe.

"Amma kun gani ko?" Joelle ta kasa haƙuri. "Mutum talatin a benci ɗaya! Guerline tana gyara wa Kawu Abram lissafin danginsa! Shekara biyu nake jiran in ga haka."

"Rufe mana baki. Ke kin ga abin da kike so, shi ya rasa nasa. Da kin bari an yi akwatunan da yanzu muna shan miya." Verna ta kauce wa rami ta faɗa wani. "Ɗan nan, wai me ke cikin takalmin? Zinari?"

Habtom ya dubi takalmin. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Takarda."

"Wace iri?"

"Ta sallama daga kurkuku. Da sunana, da kwanan wata, da hatimi. Ita kaɗai ke nuna an tsare ni."

Ya naɗe ta a leda, ya rufe da robar cikin taya, ya ɗinke ta ƙarƙashin shimfiɗar takalmi daidai diddige. Takalmi huɗu ta zauna a ciki tun daga gida, in wannan ya mutu sai ya mai da ita wancan. Hatimin na tawada ne mai ruwan goro. Ɗigo uku na ruwa sun isa su mai da shi tabo.

"Ai lauyarka tana da hotonta," in ji Joelle.

"Ba ta san da ita ba."

Motar ta ɗan yi tangaɗi.

"Ba ta me?" in ji Verna.

"Sau uku ta tambaye ni ko ina da wata shaida. Na ce babu."

"Don me, don Allah?"

"A wata iyaka wani jami'i ya karɓi takardar abokin tafiyata, ya ce dubawa zai yi. Ya shiga ɗaki da ita. Har muka bar wurin bai fito ba." Ya gyara riƙon takalmin. "Na ce ni da hannuna zan miƙa wa mai shari'a ranar zaman neman mafakata."

"Yaushe ne zaman?"

"Saura kwana goma. Lauya ta ce yau ce ranar ƙarshe ta shigar da takardu. Ta ce abin da ya zo bayan yau, ba lallai a duba shi ba."

"Yau? Kana zaune kana ɗaukar mini tukunya?"

 Verna ta ƙara taka mai.

Gidan Korni Unrau na ƙarshen wata 'yar hanya, fari, da jan rumbu a bayansa. Tun daga nesa suka hango jar hular. Yana tsakar fili da bokiti a hannu, ya nufi ƙofar garke, kuma tafiyarsa ba ta mai ɗingishi ba ce. Verna ta danna oda ba ta ɗaga ba. Kare ya fito yana haushi. Tsohon ya waiwaya sau ɗaya, ya ci gaba, ya sa hannu a kan sakatar ƙofa.

Verna ta zuro kai ta taga tana kaɗa ludayi.

"Korni! In ka ƙara taku ɗaya sai na gaya wa duk coci inda kake cin abincin Juma'a!"

Ya tsaya.

Habtom ya riga kowa sauka. Ledar ƙafarsa ta fashe a taku na biyu, sanyi ya soke shi har ƙwaƙwalwa, bai kula ba. Idonsa na kan ƙafar hagun tsohon. Takalmin ya jiƙe zuwa rabi.

"Baba, sannu. Takalmina ne a ƙafarka."

Korni ya dube shi daga sama har ƙasa. Gajere ne, shekarunsa saba'in da ɗoriya, fuska kamar busasshen dankali.

"Nawa ne. A kanti na saya."

"Ga naka nan."

Korni ya kalli takalmin da ke hannun Habtom kamar an nuna masa tsohon maƙiyi.

"Wannan? Wannan cizo yake."

"Au, ka ma sani!" Verna ta iso tana haki. "Tsohon ɓarawo! Mai karanta Littafi a gaban jama'a!"

"Ban sani ba sai da na kai wurin mota." Ya ajiye bokitin. "Na taka, na ji ƙasa ta zo daidai. Shekara goma sha ɗaya tun da bijimi ya karya ni ban ji haka ba. Likitan birnin Winnipeg ya ba ni wani abu na sa a ciki, kamar ka taka kwaɗo. Wannan kuwa…" Ya buga ƙafar a ƙasa, ruwa ya fallatsa. Habtom ya runtse ido. "Na ce in ɗan gwada zuwa Juma'a mai zuwa. Aro ne."

"Kawu Korni, don Allah daina buga ƙafar," in ji Joelle.

"Ke ce mai ginin ko? Ginin da ba a san takalmin kowa ba."

"Baba," in ji Habtom, "abin da ya ɗaga maka diddige nawa ne, kuma ruwa na kashe shi. Ka zauna. Ka ba ni minti goma. In ka tashi kana ɗingishi, ka riƙe takalmin."

Tsohon ya yi nazarin maganar. Sannan ya kifa bokitin ya zauna a kai, ya miƙo ƙafa.

Habtom ya durƙusa a kan ƙanƙara. Ya zare takalmin, ya zura hannu. Shimfiɗar ta yi laima. Ya ciro reza, ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, har robar ta fito. Baƙa ce, faɗin tafin hannu. Ya tsaga gefenta. Akwai ruwa tsakanin roba da leda. Su ukun suka sunkuyo a kansa, har karen.

"Ku ba ni haske."

Suka ja da baya taku ɗaya, suka sake matsowa.

Ya goge yatsunsa a riga, ya warware ledar. Ninki na farko a bushe. Na biyu a bushe. A na uku kusurwa ɗaya ta jiƙe, ruwan ya ci kamar faɗin farce, ya tsaya kusa da hatimin bai taɓa shi ba.

Verna ta saki wata ƙara ta ɗaga ludayi sama. Joelle ta rungume ta, ta rungume karen. Habtom ya zauna daɓas a kan ƙanƙara yana dariya, bai san lokacin da ta zo masa ba.

Korni ya leƙa takardar. Ba harafi ɗaya da ya gane.

"A kan wannan na yini?"

"Awa ɗaya dai."

"To. Ni kuma fa? Ka ce ba zan yi ɗingishi ba."

Habtom ya ba Joelle takardar ta riƙe. Sai da ya sake ta ya lura da abin da ya yi. Ya dube ta, ta riƙe da yatsu biyu kamar za ta ƙone ta. Ya kau da kai, ya cire takalminsa na dama.

A cikinsa akwai wata robar, kauri ɗaya da ta farko, ba komai a cikinta. Tun takalmi na farko yake sa ta, don kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo wani jami'i ya ga yana ɗingishi ya ce ya cire. Ya fiffige ta, ya rage gefe da reza, ya ɓare mugun facin Korni ya jefar, ya zura robar a diddigen takalmin tsohon. Basilla ta shiga ta fita, zare ya bi ta.

"Wa ya koya maka faci, Baba?"

"Ni na koya wa kaina."

"Ya nuna."

Verna ta yi dariya har da tari. Korni ya sa takalminsa, ya miƙe. Ya je bakin rumbu ya dawo. Ya sake zuwa, wannan karon da sauri, karen na bin sa.

"Hm," in ji shi. Ya sake takawa. "Ina da na zuwa coci. Da na cikin gida. A ina rumfarka take?"

"Ba ni da rumfa. Ina dai zama a benci."

"Juma'a zan kawo su."

"Kai da ƙafarka ba za ta taka ginin ba?" in ji Verna.

"Miya nake zuwa sha, ba gini ba. Har gobe ina nan a kan bakana, an yi ɓarnar katako." Ya ɗauki bokitinsa. "Bencin dai yana gasa ƙugu, wannan ban musa ba."

"A ƙarshen bencin akwai lungu ƙarƙashin matakala," Joelle ta ce da sauri. "Da wutar lantarki a ciki. Tun da aka gina ba wanda ya san abin da za a yi da shi, har ni."

Habtom ya ji ta, amma hankalinsa na kan ƙafafunsa. Ya sa takalmansa biyu ya tsaya. Ƙasa ta matso kusa. Shekara uku yana tafiya a kan tudu, yau ya sauko, ya rage tsawo da kaurin yatsa. Ya karɓi takardar daga hannun Joelle. In ya mai da ita diddigen hagu, ba robar da zai daidaita na dama da ita. Shi zai koma mai ɗingishi na shida a garin.

Korni ya leƙa cikin taraktarsa ya dawo da wata jakar roba mai zif, ya zazzage abin da ke ciki a aljihunsa.

"Ungo. Ta takardun bijimi ce. Ba ta shan ruwa." Ya tsaya yana kallon Habtom na zura takardar. "Su wa suka taɓa ganin ta?"

"Ku uku."

"Da kare," in ji Verna.

"Mu uku ba ma yanke shari'a," in ji Korni. Ya zare sakata ya shige cikin shanunsa, ruwa har idon sawu, bai waiwayo ba.

Suka koma wurin mota. Joelle ta duba waya, ta buɗe baki, Verna ta harare ta, ta rufe. Bayan taku uku ta kasa.

"Ni dai faɗa kawai zan yi. Uku da kwata yanzu. Ofisoshi a Winnipeg biyar suke tashi. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce."

"Ga masu tsoro," in ji Verna. Ta shiga, ta jefa ludayin bayan kujera, ta ɗauki burodi guda daga gaban mota ta gatsa. "Ni ban ce komai ba. Mai dai akwai a tanki. A bakin titi, hagu gida, dama birni."

Joelle ta shige tsakiya ta bar masa gefe. Habtom ya tsaya a bakin ƙofa da jakar bijimi a hannu. Safarsa ta hagu ta jiƙe sharkaf, yatsun sun fara mutuwa. Ya tuna ɗakin da jami'in nan ya shiga bai fito ba. Ya dubi takardar ta cikin roba, hatimin na nan da ruwan goronsa, a fili, rana na dukan sa.

Ya hau, ya ja ƙofar ta rufu da ƙarfi.

"Dama," ya ce. "Lauya zan kai wa. Yau."